Jack Vance da Duniyar da Ranarta Ta Tsufa: Sharhi Kan Tales of the Dying Earth

Tales of the Dying Earth kundi ne da ya tattara littattafai huɗu na marubucin Amurka Jack Vance a bango ɗaya: The Dying Earth na 1950, The Eyes of the Overworld na 1966, Cugel's Saga na 1983, da Rhialto the Marvellous na 1984. Shekara 34 ke nan tsakanin na fari da na ƙarshe. Kamfanin Tor ne ya fitar da shi a Amurka a shekarar 2000 da tambarin Orb, a shekarar kuma ya fito a Ingila cikin jerin Fantasy Masterworks na Gollancz. Na Amurkan ne a hannuna, mai bango mai laushi, shafi 700 da ɗoriya. Da Turanci yake, Turancin ma ba na wasa ba, zan zo kan wannan a gaba. Ra'ayina dai tun yanzu: in kana son labaran almara, kuma kana da haƙurin bin jimla mai tsawo har ta kai ka inda za ta kai ka, nemi wannan kundi. Babu littafin da nake yawan saukowa da shi daga kanta kamarsa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi, wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ambaci Tolkien ko Asimov ko Frank Herbert a gaban mai karatu, zai gyaɗa kai, ko da ta fim ya san su. Ambaci Vance, sai a ce maka wane ne kuma wannan? Alhali mutumin ya rubuta littafi sama da 60. Ya ci lambar yabo ta Hugo, wadda ake bayarwa a fagen labaran kimiyya da almara, a 1963 da The Dragon Masters, ya ci takwararta Nebula da kuma Hugo da The Last Castle, ya sake cin Hugo a 2010 da tarihin rayuwarsa yana da shekara casa'in da 'yan kai. Ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka ta ba shi muƙaminta mafi girma a 1997. Har a fagen labaran binciken laifi ya ci lambar Edgar a 1961. An haife shi a San Francisco a 1916, ya rasu a Oakland a watan Mayun 2013 yana da shekara 96, kuma kusan shekara sittin ya yi yana fitar da labari. Duk da haka sunansa bai fita daga da'irar 'yan tsirarun masoya ba.

Ga yadda duniyar take. Duniyarmu ce wannan, amma bayan miliyoyin shekaru. Rana ta tsufa, ta yi ja, ta kumbura, haskenta ya raunana, wani lokaci har ta yi kamar za ta ɗauke. Wata ya daɗe da ɓacewa. Mutane sun ragu, suna zaune a gefen kangayen biranen da ba wanda ya tuna wanda ya gina su. Kowa ya san ranar za ta iya mutuwa gobe, za ta iya mutuwa yau da yamma. Ilimin kimiyya ya shuɗe har ya cakuɗe da sihiri, ta yadda a labarin farko, da matsafi Turjan ya je neman ilimi wurin babban malami Pandelume, asirin da aka buɗe masa shi ne lissafi. A da akwai surkulle dubu, yanzu ɗari da 'yan kai suka rage a hannun matsafa, kowa na ɓoye nasa yana haƙon na ɗan'uwansa.

Yadda Vance ya tsara sihirin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya bi duniya fiye da sunan mai shi. Surkulle a wurinsa abu ne mai nauyi da ake cusa wa ƙwaƙwalwa da ƙyar. Matsafi zai buɗe littafi, ya haddace guda huɗu masu ƙarfi ko shida ƙanana, iyakar abin da kansa zai ɗauka ke nan. Da ya furta ɗaya, ya fice daga kansa, sai ya koma ga littafi. Saboda haka kafin ya fita gida sai ya yi lissafin irin haɗarin da zai tarar. Labarin matsafi Mazirian a littafin farko gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya: yana bin wata mace cikin daji, yana kashe surkullensa ɗaya bayan ɗaya a kan abin da ya tare masa hanya, kai kuma mai karatu kana ƙirgawa tare da shi, gabanka na faɗuwa, don ka san saura nawa. Gary Gygax, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro wasan Dungeons & Dragons a 1974, daga nan ya ɗauko tsarin sihirin wasan, kuma bai ɓoye ba, ya sa Vance cikin jerin marubutan da ya ce sun yi masa tasiri. Daga wannan wasa tsarin ya shiga wasannin kwamfuta masu yawa. Miliyoyin matasa sun yi wasa da dabarar Vance ba su taɓa jin sunansa ba.

Littafin farko gajerun labarai shida ne masu alaƙa da juna. Vance ya rubuta su yana aikin jirgin ruwan 'yan kasuwa a shekarun yaƙin duniya na biyu, kuma ana jin ƙuruciya a cikinsu: launi ya yi yawa, kalmomi sun yi ado, zuciya a buɗe. Akwai T'sais, wadda aka ƙera ta da tawaya a ƙwaƙwalwa, duk abin da yake kyakkyawa sai ta gan shi mummuna, ta fito duniya tana neman ta gane abin da mutane ke kira kyau. Akwai birnin Ampridatvir, inda masu koren tufafi da masu ruwan toka suka daɗe suna ƙin juna har idon kowane ɓangare ya daina ganin ɗayan, suna tafiya titi ɗaya, in an ture mutum sai ya ce fatalwa ce. Akwai Guyal, yaron da ya ishi mahaifinsa da tambaya har aka tura shi neman gidan adana tarihin ɗan Adam, ko a can ya sami mai amsa masa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Liane, ɗan fashi mai ji da kyansa, wanda wata mayya ta aika ya ƙwato mata rabin wani saƙaƙƙen zane daga hannun Chun, wanda ake wa laƙabi da wanda ba a kauce masa. Shafuka kaɗan ne. Ba zan faɗi ƙarshensa ba. Na karanta shi da dare, na rufe littafin, na daɗe ban kashe fitila ba.

Amma zuciyar kundin, a wurina, littattafai biyun tsakiya ne, na Cugel. Su ne suka cinye fiye da rabin shafukan, su ne kuma dalilin da nake cewa a saya.

Cugel ɓarawo ne, maƙaryaci, mai dogon hanci da saurin ƙafa, wanda ya raɗa wa kansa suna mai wayo. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo zai gane shi nan take: ga dabara, ga kwaɗayi, ga ramin mugunta da kullum yakan gina da zurfi ya faɗa da kansa. Mun fara haɗuwa da shi a kasuwar Azenomei yana sayar da layun dalma na bogi ba mai saye. Wani ɗan kasuwa ya zuga shi ya shiga gidan matsafi Iucounu ya yi sata. Aka kama shi. Iucounu, mai dariya kullum, bai kashe shi ba. Ya ce akwai wani gilashin ido mai ruwan shuɗi-ja da yake da guda ɗaya, yana son ɗan'uwansa, yana can ƙasar Cutz a arewa mai nisa. Don kada Cugel ya gudu, sai ya dasa masa wata halitta mai ƙayoyi da ƙugiyoyi a jikin hantarsa, sunanta Firx. Ita Firx an raba ta da abokin zamanta da ke gidan Iucounu, saboda haka duk lokacin da Cugel ya yi nawa, ko ya tsaya neman mace, ko ya yi tunanin zama wani gari, sai ta matse masa hanta. Aka kuma rataya masa wani ɗan allo da ke mai da itace ko ciyawa abin ci, sai dai ɗanɗanon bai canzawa, itace dai itace. Aljani ya ɗauke shi ya jefar a bakin teku, sauran littafin tafiyarsa ce ta komawa gida a ƙafa.

Wurin farko da ya isa shi ne ƙauyen Smolod, kuma daga nan na san cewa wannan marubuci ba sa'an sauran ba ne. Mutanen Smolod suna zaune a bukkoki cikin ƙazanta, suna cin abinci mara daɗi. Amma kowannensu yana sanye da gilasan nan biyu, kuma ta cikinsu bukka fada ce, tsumma alharini ne, maƙwabciya mai kaushi gimbiya ce. Suna kiran juna da sarauta. Wa ke ciyar da su? Mutanen ƙauyen Grodz na kusa, waɗanda ke noma suna kai musu abinci shekara da shekaru, kowa sunansa na kan layi, yana jiran wani ɗan Smolod ya mutu ya gaji gilasansa. Vance bai tsaya ya ce maka ga darasi ba. Ya bar dattijon Smolod ya kare tsarin da hujjoji masu kyau, har ka fara tambayar kanka, to in mutum yana ganin fada, yana jin daɗin fada, me ya rage masa? An buga wannan a 1966. Duk lokacin da na ga mutum ya nutse a waya yana kallon rayuwar da ba tasa ba, ko ni kaina, Smolod nake tunawa.

Haka tafiyar take, gari bayan gari, kowanne da al'adarsa da mutanensa suka riƙe da gaske. A Cugel's Saga akwai Tustvold, inda maza ke wuni a kan dogayen ginshiƙan dutse suna shan hasken rana, wai na sama ya fi lafiya, matansu kuma na ƙasa suna aiki suna biyan mai sassaƙa ya ƙara wa ginshiƙin miji tsawo don ya wuce na mijin maƙwabciya. Cugel ya kama aiki wurin mai sassaƙar, ya ga dutse na wahalar samu, sai ya gano dabara: ya zare gutsuren ƙasa na kowane ginshiƙi da dare, ya sayar da shi da safe a matsayin sabon gutsuren sama. Kowa ya biya, ba wanda ya ƙaru da taƙi ɗaya. Akwai gidan Twango, inda ma'aikata ke nutso cikin taɓo suna tsamo ɓawon jikin wata halitta da ta faɗo daga sama, ana rubuta musu kuɗin kowace loma da kowane wurin kwana, har mutum ya shekara yana aiki bashi na ƙaruwa. Akwai jirgin ruwan da manyan tsutsotsin teku ke ja, da shugaban masu kula da su, Drofo, wanda ke bayanin wankin tsutsa da duba cikinta da irin girmamawar da malami ke yi wa iliminsa.

Wannan sanin aiki da ma'aikata ba daga littafi Vance ya samo shi ba. Kafin rubutu ya riƙe shi, ya yi aikin ɗaukar kaya a otal, ya yi a masana'antar gwangwani, ya yi a injin haƙar zinariya. Ya yi aikin lantarki a tashar jiragen ruwan soja ta Pearl Harbor, ya bar wurin kimanin wata guda kafin harin Japan na Disambar 1941. Ya yi kafinta, ya yi ginin tukwane, gidansa na tsaunin Oakland ma da hannunsa ya yi ta faɗaɗa shi. Shi da matarsa Norma, wadda ya aura a 1946 kuma ita ke buga masa rubutunsa a keken rubutu, sukan kwashe watanni a wata ƙasa: Ailan, Tahiti, Afirka ta Kudu, Italiya, har gidan kan ruwa a Kashmir. Mutumin da ya kwana a masauki iri-iri, ya yi jayayya da masu masauki iri-iri a kan kuɗin ɗaki, shi ne zai iya rubuta yadda Cugel ke duba takardar kuɗin abincinsa layi-layi yana musun kowane.

To, ga abin da ya fi komai, wanda kuma ya fi wuyar bayyanawa ga wanda bai karanta ba: maganar mutanensa. A duniyar Vance kowa na magana da ladabi da tsari, kamar wakilin sarki a fadar wani sarki. Mai masauki, ɓarawo, manomi, aljani, duk ɗaya. Akwai wata halitta mai siffar mutum da ake kira deodand, mai cin naman mutane. Cugel ya jefa wa ɗaya dutse ya karya shi, sannan ya tilasta masa ya nuna masa hanya cikin duwatsu. Suna tafe suna hira cikin natsuwa, wannan na bayyana dalilin da ya sa yake son cin wancan, wancan na kawo hujjar da ta sa bai dace ba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi sake. Za ka yi dariya, tsigar jikinka kuma na tashi. Mutum zai yi maka barazanar kisa da jimlar da ta fi ta mai neman aure taushi. Ciniki kuwa ko'ina: ƙananan mutanen da ke hawan mazari suna sayar da labari a karɓi gishiri, matsafa na jayayya da aljanun da ke musu bauta a kan maki nawa za a rage musu daga wa'adin bautarsu.

Na daɗe ina tunanin me ya sa wannan salo ke taɓa ni haka, bayan ban dariyar da ke ciki. Ga abin da na gani. Mutanen nan sun san duniyarsu ta zo ƙarshe. Ba wanda ke gina sabon abu, ba wanda ke shirin shekara ɗari. Abin da ya rage musu shi ne yadda za su tsaya a gaban juna: gaisuwa, muƙami, tufafi, hular da ta dace, kalmar da ta dace. Wani zai ambaci mutuwar rana don ya ƙi biyan bashi, wani don ya nemi a biya shi yau. Vance ya ga cewa ɗan Adam, ko an ce masa gobe za a naɗe ƙasa, ba zai bar son girma da son riba ba, kuma bai tsane shi saboda haka ba. Yana kallonsa da ido buɗe, yana kuma jin daɗin kallon. Cugel ma ba shi ne mafi mugunta a hanyarsa ba. Kusan duk wanda ya yi niyyar cuta, sai ya tarar an riga shi shiri. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Littafi na huɗu, Rhialto the Marvellous, labarai uku ne a kan ƙungiyar manyan matsafa masu hassadar juna, da shugabansu Ildefonse, da kundin dokokinsu da kowa ke murɗawa yadda ya so. Na tsakiya, inda abokan Rhialto suka yi masa sharri suka wawashe gidansa yana tafiya, shi kuma ya bi su ta hanyar shari'a har cikin zamanin da ya shuɗe, yana da daɗi sosai. Amma a ganina wannan ne mafi rauni cikin huɗun. Matsafan sun yi ƙarfi da yawa, ba abin da ke iya cutar da su da gaske, don haka gabanka ba ya faɗuwa. Karanta shi a ƙarshe, bayan ka saba da muryar.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani, kuma ba zan rufe su ba don ina son marubucin. Na farko, Cugel ba mutumin kirki ba ne, kuma wani lokaci abin ya wuce wasa. A The Eyes of the Overworld ya miƙa wata mace, Derwe Coreme, ga wasu mutanen daji don su nuna masa hanya, ya wuce bai waiwaya ba. Akwai wurin da ya tilasta wa wata yarinya, kuma labarin ya wuce da sauri kamar ba a yi komai ba. Wannan ya dame ni a karatun farko, yana damuna har yanzu. Mata a kundin nan galibi ko abin so ne ko abin tsoro, kaɗan ne aka ba su cikakken hankali irin na maza, in ka cire T'sais da 'yar'uwarta T'sain a littafin farko. Labarin farko na Rhialto, inda wata matsafiya ke mai da matsafa mata su kuma suna ɗaukar abin a matsayin babbar musiba, ya tsufa ƙwarai. Vance ya fi haka daga baya, Madouc ta jerin Lyonesse yarinya ce mai rai da ra'ayi, amma a nan ba haka abin yake ba. Ba littafin da zan miƙa wa yaro ba ne.

Na biyu, Turancin. Vance na son tsofaffin kalmomin da ba a amfani da su, yana kuma ƙirƙiro nasa ya zuba a tsakani ba tare da bayani ba. Sunan dabba, sunan abinci, sunan tufa, sai ka duba ƙamus ka tarar wata kalmar akwai ta tun ƙarni uku da suka wuce, wata kuma babu ta ko'ina sai a kansa. Shawarata, kada ka tsaya a kan kowace. Bari jimlar ta ɗauke ka, ma'anar za ta fito daga mahallin. Bayan shafi talatin ko arba'in kunnenka zai saba. Na uku, wanda ke son ya ga jarumi ya canza, ya yi nadama, ya girma, ba zai samu a nan ba. Cugel na shafin ƙarshe shi ne na shafin farko. Vance ba ya shiga cikin zuciyar mutanensa ya daɗe, daga bakinsu da aikinsu kake gane su.

Sai batun bugun kansa. Hoton bangon na Amurka wani ƙaton abu ne mai kama da jirgin sararin samaniya, kyakkyawan zane, amma ba ruwansa da abin da ke ciki. Wanda ya saya don bangon zai yi tsammanin yaƙin taurari, ya tarar da matsafa da masu masauki. Wannan ma tsohuwar matsalar Vance ce, kuma tana cikin dalilan da suka sa aka raina shi. The Dying Earth ya fara fitowa ne a bugun araha na kamfanin Hillman, yawancin aikinsa kuma a mujallun araha da ƙananan littattafan aljihu ya fito, masu bangon dodo da bindiga. Editoci sukan canza wa littattafansa suna, su yanke, su gyara jimla. A 2009 mujallar New York Times ta yi dogon rubutu a kansa, inda marubuci Michael Chabon, wanda ya ci lambar Pulitzer, ya nuna cewa da The Last Castle ko The Dragon Masters sun fito da sunan wani marubucin Turai irin Italo Calvino, da an ɗauke su aikin zurfin tunani. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ƙari a kan haka, Vance ba shi da littafi guda da ya tsaya masa kamar yadda Dune ya tsaya wa abokinsa Frank Herbert, wanda suka taɓa haɗa hannu da shi da Poul Anderson suka gina gidan kan ruwa a Kalifoniya. Alherinsa a warwatse yake cikin littattafai da dama. Ba a yi wani babban fim daga almararsa ba. Shi kansa ba mai son fitowa ba ne, ya fi son jirgin ruwa da kiɗan jaz da hira da abokai.

Marubuta dai sun san shi. George R. R. Martin da Gardner Dozois sun tattara littafin girmamawa a 2009, Songs of the Dying Earth, inda irin su Neil Gaiman da Robert Silverberg da Dan Simmons suka rubuta sababbin labarai a wannan duniya tasa. Gene Wolfe ya amsa cewa The Dying Earth na cikin tushen babban aikinsa The Book of the New Sun. Abin da ya fi burge ni kuwa na masu karatu ne. Daga 1999 zuwa 2006, masoyansa kimanin 300 daga ƙasashe daban-daban suka haɗu ta intanet, ba wanda ke biyan su, suka bi rubutunsa suna gwada bugu da bugu da ainihin takardunsa, suka mai da abin da editoci suka taɓa, suka fitar da aikinsa cikin juzu'i 44 da ake kira Vance Integral Edition. A lokacin idonsa ya riga ya tafi tun shekarun 1980, da taimakon kwamfuta ya rubuta labaransa na ƙarshe har zuwa Lurulu a 2004. Ya rayu ya ga an gama aikin.

Wannan yana da amfani ga mai saye, don ga inda mutum zai iya sayen abu ɗaya sau biyu. Kundin da nake magana a kai yana ɗauke da tsofaffin sunaye. Bugun Spatterlight Press, kamfanin da iyalinsa ke gudanarwa, yana bin gyararren rubutun da sunayen da Vance ya fi so. The Dying Earth a can sunansa Mazirian the Magician. The Eyes of the Overworld shi ne Cugel the Clever. Cugel's Saga shi ne Cugel: the Skybreak Spatterlight. Labari ɗaya ne. In kana son rubutun da ya fi kusa da abin da ya fito daga hannunsa, ko kana karatu a waya, nemi na Spatterlight ɗaya-ɗaya. In kana son duka huɗun a wuri guda, ka riƙe a hannu, ka ba aboki aro, wannan kundi ya wadatar, kuma bambancin rubutun ba zai rage wa sabon mai karatu komai ba.

Ta ina za a fara? Mutane da yawa sukan fara daga shafin farko, su ji adon ya yi musu yawa, su ajiye. Ni ina cewa buɗe labarin Liane tukuna, na huɗu a littafin farko, ba zai ci maka rabin sa'a ba. In ya kama ka, tsallaka zuwa The Eyes of the Overworld ka bi Cugel har ƙarshen littafinsa na biyu, sannan ka dawo ka karanta sauran labaran farkon a natse. In Liane da Smolod duk ba su yi maka komai ba, to Vance ba naka ba ne, ba kuma laifi.

Wanda ya gama yana neman ƙari, hanya a buɗe take. Mai son almara mai faɗi da sarakuna da yaƙi ya nemi Lyonesse, littafi uku daga 1983 zuwa 1989, na ukun ya ci lambar World Fantasy a 1990. Mai son labarin ramuwar gayya a tsakanin taurari ya nemi jerin Demon Princes, littafi biyar daga 1964 zuwa 1981, inda Kirth Gersen ke farautar mutum biyar da suka hallaka garinsu. Mai ɗan lokaci kaɗan kuma ya nemi gajeren labarin nan na 1961, The Moon Moth: wani jakada a duniyar da kowa ke rufe fuska da abin rufe fuska daidai matsayinsa, ba a magana sai da waƙa da kayan kiɗan da ya dace da darajar wanda ake wa magana, aka ce ya kamo mai kisan kai a cikin mutanen da ba a ganin fuskar kowa. Shi nake fara tura wa duk wanda ya ce mini ba ya karanta labaran kimiyya.